Zafin Injin Mashin Mai Caji: Nasiha ga Samarin Gagarawa Tasha

 

’Ya’yana samarin Gagarawa Tasha, da ’yan’uwanku na Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, musamman masu sana’ar acaɓa da masu koyon kanikanci, da ku nake. 

Wata magana ce take yawo a tsakaninku, har ta iso kunnen mu dattawa. Ana cewa idan injin mashin mai caji yana yawan ɗaukar zafi, maganinsa a buɗe shi a ɗura masa mai, sai ya huce, ya ja kaya yadda ake so. Waɗansu sun ce ƙarya ce, waɗansu kuma har sun fara neman sirinji. To, maganar tana da tushe, ana yin haka a duniya, kuma yana aiki. Sai dai rabin labarin kuka ji, rabin ilimi kuwa ya fi jahilci ɓarna a hannun mai sukundireba. Ku ba ni aron hankalinku in cika muku sauran.

Ban ga laifinku ba da kuka karkata ga wannan mashin. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Wanda yake wuni a kan babur ya san abin da wannan ya yi wa aljihunsa. Da mashina masu caji suka fara shigo mana ta Kano, ga kuma hasken rana da Allah ya hore mana ana tara shi a faifan sola, dole hankali ya koma can. Baƙon inji ba sabon abu ba ne a wurinmu. Garin nan ma a gefen layin dogon Kano zuwa Nguru ya tashi, wanda aka kammala a 1930, ana lodin gyaɗa da fatu. Kowane inji da ya zo ƙasar nan, daga jirgin ƙasa zuwa injin niƙa, wanda ya tsaya ya karanci halinsa shi ya ci moriyarsa.

Bari mu fara da halin wannan. Yawancin mashinan nan injinsu a cibiyar tayar baya yake, ba sarƙa, ba fistin, ba fulogi. Dabarar ta tsufa, domin tun a 1900 Ferdinand Porsche ya nuna mota mai inji a cikin taya a baje-kolin birnin Faris. Idan ka kwance murfin gefe za ka ga abu biyu. A tsakiya akwai ƙarfe mai haƙora da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, wato kwayil, wanda yake kafe a jikin sandar tsakiya, ba ya motsi. A zagaye da shi kuma, manne a cikin gangar da take juyawa da taya, akwai jerin maganaɗisu. Tsakaninsu akwai ’yar tazara siririya da ba ta wuce milimita ɗaya ba, ba sa taɓa juna. Kantirola ce take aika wutar batir cikin kwayil bi da bi, kwayil ya tura maganaɗisu, taya ta juya.

A cikin wannan kwayil ɗin ake haifar zafi. Duk wayar da wuta ta ratsa sai ta ɗumama, amma akwai lissafin da nake so ku haddace: idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninkawa huɗu yake yi, idan ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Inji kuwa yana zuƙar wuta ne gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Ga kuma wani sharri a kai: jan ƙarfe idan ya yi zafi yana ƙara taurin kai ga wuta, kusan kashi 4 cikin 100 a kowane ƙarin digiri 10. Wato zafi yana haifar zafi.

Yanzu ku dubi inda muke. A kan kwalta, daga Gujungu zuwa Gumel, idan mashin yana tafe da saurinsa na ƙa’ida da mutum ɗaya ko biyu, kusan kashi 80 cikin 100 na wutar yana zama tafiya, ɗan abin da ya rage ne yake zama zafi, iska kuma tana kwashe shi. Amma ka sauka daga kwalta ka shiga burtalin ƙauye, taya ta nutse a rairayi, ga buhun riɗi biyu, ga mai kayan a baya, ka murɗe totur har ƙarshe, mashin yana jan ciki. A nan inji yana shan wuta iyakar abin da kantirola za ta ba shi, tafiya kuwa kaɗan, iskar da za ta fifita shi babu. Rabin wutar ko fiye ya koma zafi. Mutane suna ɗauka gudu ne yake ƙona inji. A ƙasarmu ta yashi, tafiyar wahala da kaya ta fi gudu kashe shi.

Zafin nan kuwa ba shi da ƙofar fita. Injin a rufe yake ruf saboda ƙura da ruwa, kwayil yana tsakiya, iska ce kawai tsakaninsa da ganga, iskar da ke tsare kuma raguwa ce wajen ɗaukar zafi. Shi ya sa za ka dafa murfi ka ji ɗumi-ɗumi, alhali ciki ya haura digiri 100. Abu uku ne suke mutuwa idan abin ya yi yawa. Na farko fentin da ya lulluɓe wayar kwayil, wanda yake hana wayoyi haɗuwa. Idan ya ƙone sai wuta ta haɗu, ka ji ƙauri, sai a nemi mai rewayin. Na biyu ’yan ƙananan sensoshi guda uku da suke gaya wa kantirola inda maganaɗisu yake. Idan ɗaya ya mutu sai mashin ya riƙa fizga ko ya ƙi tashi. Na uku shi ne maganaɗisun kansa, kuma shi ne mai ban tausayi. Mai arha daga cikinsu yana fara rasa ƙarfinsa idan ya wuce digiri 80, masu inganci suna jure 120 zuwa 150. Ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa ko an huce. Mashin zai ci gaba da tafiya, amma ya zama rago, yana cin caji, yana ƙara zafi, mai shi yana ta zargin batir.

To a nan ne mai yake shigowa. Ku dubi mai suyar ƙosai a bakin tasha. Da za ta aza ƙullu a busasshen kasko, gefen da ya taɓa ƙarfe ne zai ƙone, sauran ya zauna ɗanye. Mai ne yake ɗauko zafin kasko ya rarraba shi ko’ina. Haka yake yi a cikin inji: yana cike tazarar nan, ya ɗebo zafi daga kwayil ya miƙa wa ganga da murfi, su kuma su miƙa wa iskar waje. Mai ya fi iska iya ɗaukar zafi kusan sau biyar, ga shi kuma juyawar taya tana watsa shi. Wannan hikimar ce ta sa taransifomar da ke unguwa take cike da mai, kuma manyan kamfanonin motoci masu lantarki da yawa da mai suke sanyaya injinansu.

Masu sha’awar kekuna masu lantarki a Turai da Amurka sun daɗe suna zuba jan man nan na giyar mota otomatik a injinansu, saboda ba shi da kauri, yana jure zafi, kuma wuta ba ta binsa. Sun samu sanyi, sun kuma samu yoyo. Daga baya wani kamfani a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, mai suna Grin Technologies, ya fitar da wani ruwa da ya kira Statorade. Mai ne da aka cakuɗa da garin ƙarfe mai laushin da ido ba ya gani, don haka maganaɗisu yake riƙe shi daidai cikin tazarar, ba ya malala ƙasa. Asalin irin wannan ruwa wani injiniya ne na hukumar sararin samaniyar Amurka, Steve Papell, ya ƙirƙiro shi a 1963, kuma an daɗe ana sa shi a cikin lasifika don sanyaya kwayil ɗinta. Abin da ake zubawa a injin keke bai wuce mililita 10 ba, kamar cokalin shayi biyu, kuma gwajin kamfanin ya nuna yana kusan ninka yadda zafi ke tsallakawa daga kwayil zuwa ganga.

Kun ga ke nan ban ƙaryata masu maganar ba. Amma ga abin da nake so ya zauna muku: mai ba ya kashe zafi, ɗaukarsa kawai yake yi daga wuri ya kai wani wuri. Idan kun riƙe wannan, sauran duk za ku gane da kanku.

Ku tambayi kanku, ina yake kai shi? Wurin farko da yake sauke shi a kan maganaɗisu ne, domin su ne a manne da ganga. Da can iskar da ke tsakani tana kare su, kwayil yana ƙuna su suna ɗan lafiya. Da an zuba mai, kwayil ya samu sauƙi, su kuma su ɗauki abin da ba su saba ba. Idan aka ci gaba da lodi kamar da, ba laifi, an yi riba. Idan kuwa mai mashin ya ce ai yanzu na yi masa magani, bari in ƙara buhu, to ya ceci abin da ake iya sake naɗawa a Gumel ko Kano, ya kashe wanda sai an sayi sabon inji. Garin neman gira an rasa ido.

Sai kuma iskar wajen da ake miƙa wa zafin. Ganga tana huce ne gwargwadon ratar da ke tsakaninta da iskar gari. Mu ɗauka ba ma son ta wuce digiri 80. Wanda yake tuƙi a ƙasar da iska take digiri 20 yana da ratar 60. Kai da ka fito daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da azahar, a watan Afrilu, ma’auni yana nuna 42 a inuwa, ratarka 38 ce, kuma kafin ka hau ma rana ta riga ta gasa baƙar gangar. Abin da ya wadatar da mutumin Kanada ba lallai ya wadatar da kai ba.

Na uku, inji ba shi kaɗai yake aiki ba. Wutar da yake sha ta batir ta fito, ta bi wayoyi, ta ratsa kantirola, kowannensu kuma da iyakarsa. Na san akwai masu buɗe kantirola su ɗiga dalma a kan ’yar wayar da take auna wuta, don ta saki fiye da ƙa’ida. Mashin yakan yi zafin nama na ’yan makonni. Wanda ya haɗa wannan da zuba mai bai kawar da matsala ba, ya tura ta ne wurin da ya fi tsada da haɗari. Inji idan ya ƙone tsayawa yake yi a hanya. Batirin litiyam idan ya kama wuta, kashe shi aiki ne ja, kuma a cikin gida muke kwana da shi.

Ga kuma yoyo. Ba a ƙera injinan nan don su riƙe mai ba. Idan ciki ya yi zafi iska takan kumbura ta tura man ta duk inda ya samu kafa: bakin murfi, ramukan noti, boris, har ta cikin ramin sandar da wayoyi suke fitowa, ya bi waya ya isa soket. A hanyarsa yana wanke giris ɗin boris. Inda ya jiƙa kuwa ƙurarmu ta hunturu takan manne ta yi kauri, ta hana ganga shan iska. Mafi muni, birkin baya a jikin wannan tayar yake. Ɗigo kaɗan ya isa ya sa birki ya daina kamawa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da akuya ko yaro ya gifta maka.

Saboda haka akwai mayukan da nake roƙonku kada ku kusantar da su ga inji ko da wasa. Baƙin man da aka juye daga mota cike yake da garin ƙarfe da datti, maganaɗisu zai tattara shi ya zama abin gurzar kwayil. Man giya mai kauri, mai warin nan, yawanci yana da sinadarin farar wuta mai cin jan ƙarfe, ga nauyin da zai ɗora wa taya. Man gyaɗa da manja zafi yana dafa su su zama danƙo. Man taransifoma da ake sayarwa a ɓoye kuwa, kun san daga inda yake fitowa: wata unguwa aka jefa cikin duhu kafin ya zo hannunku, kuma tsofaffin taransifomomi waɗansu mansu yana ɗauke da guba mai illa ga jiki. Wanda ya saya ya taya ɓarawo.

Me za a yi ke nan? Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan kyauta ne. Ku duba takardar mashin ku ga nauyin da aka ƙayyade masa, ku tsaya a kai. Sawu biyu da inji lafiyayye sun fi sawu ɗaya da turin mashin. Wajen tashi, ku murɗa totur a hankali, ku taimaka masa da ƙafa taku biyu ko uku, domin lokacin tashi ne ya fi zuƙar wuta. Idan kun zo yashi mai zurfi, ku ce wa fasinja, “Baba, a yi haƙuri a ɗan taka mu wuce nan,” babu dattijon kirki da zai ƙi. Ku riƙa duba iskar taya kowace safiya, ku ɗaga bayan mashin ku juya tayar da hannu ku ji ko birki yana kama ta ko boris ya fara gurnani. Waɗannan ƙananan abubuwa suna cin wuta a ɓoye. Lodin zoɓo da riɗi mai nauyi a yi shi da sassafe ko bayan la’asar. Idan kun tsaya jiran fasinja, ku nemi gindin darbejiya. Ku goge ƙura da laka daga jikin ganga.

Idan ya yi zafi, ku bar shi ya huce da kansa. Kada ku sheƙa masa ruwa, kada ku shiga kududdufi da shi da damina yana tsananin zafi, domin idan ya huce farat ɗaya yakan zuƙi danshi ta kafofin nan, tsatsa ta kama ciki. Batir ma kada a jona shi a caji da saukowa daga hanya, a bari ya sha iska, kuma kada a yi cajinsa cikin rana ko a ɗakin da ake barci.

Ku koyi aunawa. Bayan doguwar tafiya ku kai bayan hannu kusa da murfi, sannan ku taɓa a hankali. Idan ba za ku iya barin hannu ya ɗan jima ba, to ku sani ciki ya fi haka nesa, lokacin hutu ya yi. Masu gareji kuma, ku haɗa kuɗi ku sayi ’yar na’urar auna zafi da ake haskawa daga nesa. Wanda ya auna kafin gyara, ya auna bayan gyara, a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, shi ne zai iya cewa dabara ta yi aiki. Sauran duk ji-ta-ji-ta ce.

Idan an yi duk wannan kuma har yanzu inji yana wuce kima, to sannan a yi zancen mai, kuma aikin gwani ne. Ya fara tantance irin injin. Akwai ƙananan da suke da haƙoran giya a ciki, yawanci na roba mai tauri, irin na kekuna. Ruwan maganaɗisun nan ba domin su aka yi shi ba. Manya marasa giya su ne ake magana a kansu. A buɗe a tsabtace, a tabbatar maganaɗisu ba su saki ba, a like bakin murfi da gam mai jure mai da zafi, a toshe hanyar wayoyi, a bar wa iska ’yar kafar numfashi ta inda mai ba zai kai ba. Man ya zama sabo, marar kauri, daga galan ɗin da ba a buɗe ba. Kaɗan ake zubawa, wanda zai kwanta a ƙasan ganga ya taɓa bakin kwayil. Cikawa tana jawo nauyi da yoyo. Daga nan sai a riƙa duba birki kullum kafin a fita. Kuma gwajin farko a yi shi a kan tsohon injin da ko ya lalace ba a yi kuka ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi duk lissafin nan nauyi a wurina. Da yawanku mashin ɗin da kuke hawa ba naku ba ne. Na maigida ne kuna kawo balas, ko na bashi ne ana biya a hankali, ko mahaifiya ce ta sayar da tumakinta ta saya muku. Sabon mashin yana da garanti, kuma ranar da aka kwance murfin injin, ranar garantin ya faɗi. Kada ɗayanku ya buɗe abin da aka ba shi amana sai da sanin mai shi. Kai kuma bakanike, idan aka kawo maka aikin da ba ka taɓa yi ba, ka ce, “Alhaji, ban taɓa yi ba, amma ga abin da na sani, ga kuma haɗarinsa.” Wannan kalma ba ta rage maka daraja, ita ce ma take dawo maka da mutane. Fasinjan da ya hau bayanka kuma ya miƙa maka ransa ne bayan Allah, bai san abin da ka ɗura a taya ba.

Ba na so ku ji tsoron gwaji. Ƙasar nan tana bukatar samarin da za su ƙware a kan waɗannan injina, su iya naɗa kwayil, su iya canza sensa, su iya duba kantirola, don kada kowace ’yar matsala sai an loda mashin a mota zuwa Kano. Wanda ya fara ƙwarewa a cikinku, mutanen ƙananan hukumomi huɗun nan za su neme shi har gida. Ku je wurin masu rewayin injin niƙa da fanka ku durƙusa ku koya, domin sun san ƙaurin waya tun kafin a haife ku. Ku tambayi malaman kimiyya na makarantunku abin da ya shige muku duhu. Matambayi ba ya ɓata. Abin da kuka gwada ku rubuta shi a littafi, wanda ya yi da wanda bai yi ba, ku nuna wa na bayanku.

Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a sana’arku, ya tsare ku da fasinjojinku daga sharrin ƙarfe da na hanya. Ya ba ku haƙuri da riƙon amana, ya sa ku fi mu sani da amfani.